Mu haihu yanzu ko mu ɗan dakata? Yadda miji da mata za su zauna su yi shawarar haihuwa

A yawancin gidajenmu fa ba wanda yake zama ya yi shawarar haihuwa, abin kawai faruwa yake. An ɗaura aure an kai amarya, wata biyu uku an fara kasala da tofar da yawu, kafin shekara ta zagayo an yanka ragon suna, yaron bai gama iya zama ba wani cikin ya shiga, in ka tambayi mijin ko matar yaushe kuka taɓa zama kuka yi maganar 'ya'ya nawa kuke so ko yaushe kuke so sai su bi ka da kallo kamar ka yi saɓo. Alhali kuɗin haya ana zama a yi lissafinsa, siyan fili ana shawara, hatta labulen falo sai an yi musu a kai, amma abin da zai taɓa jinin mace da lafiyarta da rayuwar wani bawan Allah da za a kawo duniya, shi aka bar wa "yadda ta yiwu". Toh wannan na masu son su zauna ɗin ne, ko kuna shirin aure, ko sababbin aure ne ku, ko kuna da huɗu biyar kuna tunanin a ƙara ko a huta.

Ku fara warware maganar addini don a nan ake maƙalewa. Da ka ce shawarar haihuwa wani zai ce subhanallahi ai Allah ke bayarwa. Gaskiya ne mana, wa ya musa? Suratush Shura aya ta 49 da 50 ta faɗa ƙarara, Yana ba wanda Ya so mata, Ya ba wanda Ya so maza, ko Ya haɗa masa duka, Ya bar wanda Ya so babu haihuwa. Amma arziki ma Allah ke bayarwa kuma ba wanda ya kwanta a ɗaki ya ƙi fita nema. Sahabbai suna yin azalu, wato namiji ya zubar a waje, Jabir ɗan Abdullahi ya ce muna yi alhali Alƙur'ani yana sauka, hadisin yana cikin Bukhari da Muslim, malamai kuma suka ce ba a yi sai da yardar matar don ita ma tana da haƙƙi a ɗa. A 1988 majalisar malaman fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta zauna a Kuwait ta fitar da matsaya cewa ba da tazara na ɗan lokaci ya halatta in akwai dalili kuma miji da mata sun yarda, amma kashe haihuwa gaba ɗaya bai halatta ba sai da larura, kuma hukuma ba ta da ikon ƙayyade wa mutane adadin 'ya'yan da za su haifa. Sai dai kar mu ɗauki wanda ya yi mana daɗi mu bar ɗayan, akwai hadisin da ya kwaɗaitar da auren mai soyayya mai haihuwa, kuma malamai da yawa ba sa son a ce tsoron talauci zalla ne dalilin, suna kawo ayar Isra'i ta 31 da ta hana kashe 'ya'ya don tsoron talauci. Don haka ku gyara niyya, ku tambayi malamin da kuka yarda da iliminsa, ku faɗa masa halin da kuke ciki dalla-dalla, kar ku tambaya a dunƙule a ba ku amsa a dunƙule. 'Yan'uwanmu Kirista ma ba ɗaya ba ne a wajensu, cocin Katolika ba ta yarda da ƙwaya da allurar hana ɗaukar ciki ba sai lissafin kwanaki, wasu majami'un kuma sun bar wa ma'aurata, kowa ya san inda zai tambaya.

Kafin ku zauna tare, kowa ya zauna da kansa tukunna, kuma ya rarrabe tambayar don ba ɗaya ba ce. Akwai ina son 'ya'ya ma kuwa, akwai yaushe za a fara, akwai shekara nawa tsakani, akwai kuma yaushe za a ce ya isa haka. Rigima da yawa daga cakuɗa su take tashi, mace ta ce ina so in gama karatuna tukunna, miji ya ji kamar ta ce bata son haihuwa da shi, shikenan an kumbura fuska sati guda. Ki tambayi kanki tsakani da Allah, in da ba wanda zai yi min gori, in da uwar miji bata kallon cikina duk ranar da na je gaisuwa, da yanzu nake so ko baɗi? Kai ma malam ka tambayi kanka, yaran da nake da su yanzu, ajinsu nawa a makaranta, yaushe rabon da in zauna in ji karatun ɗaya daga cikinsu? In ka kasa amsawa ba wai an ce kar ka ƙara ba ne, amma dai ka san da wannan a lissafinka.

Sai jiki, kuma a ganina wannan shi ne kan gaba da komai, ya fi kuɗi ya fi surutun dangi, don mace ce zata ɗauki cikin ita zata shiga ɗakin haihuwa ita kaɗai.

Gwajin jinotayif tukunna, wato gwajin jinin da ke nuna ko mutum yana ɗauke da sikila. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan jariran da ake haifa da sikila, kusan mutum ɗaya cikin huɗu a cikinmu AS ne, wato yana ɗauke da ƙwayar sikila amma ba ya ciwon, shi yasa a 2024 jihar Kano ta yi dokar gwaji kafin aure, har da jinotayif da ƙanjamau da ciwon hanta. Lissafin mai sauƙi ne amma mutane suna juya shi. In ke AS ce shi ma AS, kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi SS wato mai sikila, biyu cikin huɗu AS, ɗaya cikin huɗu AA wanda ba ya ɗauke da ita. Kowane ciki fa na ce. Wasu suna ɗauka tunda na fari ya zo sikila toh uku masu zuwa lafiya ƙalau za su zo, ba haka abin yake ba wallahi, duk ciki sabon lissafi ne, ana samun gidan da yara uku a jere duk sikila, ana samun wanda shida ba ko ɗaya. In ɗaya SS ne ɗaya AS, rabi da rabi ne. Akwai kuma AC da mutane basa kula da shi, in ya haɗu da AS ana iya haifar SC, shi ma ciwo ne. Ku yi gwajin a wuri biyu daban-daban, asibitin da aka sani, saboda ana samun kuskure a sakamako, kuma dan Allah a daina siyan takardar bogi don soyayya ta yi zaƙi, yaron da zai kwana yana ihun ƙashinsa na ciwo bai san wata soyayya ba.

In kuma an riga an yi auren ne kuka gano ku biyun AS ne, kar ku tsaya zargin juna, ku je wajen likitan jini ku ji zaɓin da ke akwai. Wasu suna ci gaba da haihuwa da saninsu, suna gwada jariri da wuri a fara ba shi kulawa, ƙwayar bitamin ta folik asid, rigakafin maleriya, maganin da ke rage tashin ciwon, kuma yara da yawa suna girma su yi karatu su yi aure. Wasu suna tsayawa a kan waɗanda Allah Ya ba su. Akwai gwajin da ake wa ciki tun yana ƙarami a san jinin jaririn, gidauniyar sikila da ke Legas tana yi, akwai kuma dashen ƙwai da ake zaɓen wanda ba SS ba amma wannan maganar miliyoyi ce. Abin da zai biyo bayan irin waɗannan gwaje-gwajen magana ce ta fatawa, ku haɗa likita da malami. Abin da ba zan goyi baya ba shi ne a rufe ido a ce ai Allah zai kare, sannan in yaro ya zo a bar wa uwa ita kaɗai jigilar asibiti da neman jini da tsakar dare.

Ku san rukunin jininku ma. Mace mai jinin negetif da mijinta yake fozitif, cikin fari yawanci lafiya lau, matsalar a na bayansa take fitowa, ɓari ko jariri ya zo da ciwon shawara mai tsanani ko ya koma, sai a fara cewa wabi take yi ko jifa ne ko iska, alhali abin da ke hana hakan allura ce guda ɗaya mai suna Anti-D da ake yi cikin awa 72 bayan haihuwa ko ɓari. Tana da tsada kam, shi yasa gara a sani tun kafin ciki a fara ajiye kuɗinta.

Yanzu ki duba yadda haihuwarki ta baya ta kasance, don ita ce babbar shaida. Kin yi jijjiga? Jininki ya hau? Kin zubar da jini har aka ƙara miki leda biyu uku? Tiyata aka yi miki? Bayan haihuwa ƙafafunki sun kumbura kina haki, baki iya kwanciya rigingine sai an jera miki filo? Wannan na ƙarshen ki kula da shi sosai, akwai ciwon zuciya da ke kama mata a ƙarshen ciki ko bayan haihuwa wanda likitoci suka daɗe suna gani da yawa a arewacin Najeriya, a Zariya da Kano da Sakkwato, kuma macen da zuciyarta bata gama warkewa ba in ta sake ɗaukar ciki tana iya rasa ranta. Mai ciwon suga da mai hawan jini da mai farfaɗiya su ma sai sun ga likita kafin ciki, don akwai magungunan da ake canzawa saboda suna taɓa jariri. Ba tsoratarwa nake ba, amma ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna sama da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da ke mutuwa wajen haihuwa a duk duniya a Najeriya suke, kuma kowa a cikinmu ya san gidan da aka je barka aka zarce da ta'aziyya. Yarinyar da ƙugunta bai gama buɗewa ba kuwa, duk wanda ya taɓa shiga asibitin masu yoyon fitsari na Babbar Ruga a Katsina ko sashen masu yoyon fitsari na asibitin Murtala a Kano ba sai an yi masa dogon bayani ba kan doguwar naƙuda.

Tazarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara ita ce a ƙalla wata 24 bayan haihuwa kafin a nemi wani cikin, in ɓari ne kuma wata shida. Kinga ya zo kusan daidai da shekara biyun shayarwa da ke Baƙara aya ta 233, kuma kakanninmu ma sun san wannan, shi yasa da ake tafiya wankan gida a daɗe, kuma macen da ta yi kwanika har tsokanarta ake. Yanzu ba a daɗewa a gida, miji yana ta waya yaushe za ki dawo, an yi arba'in an koma, toh in ba a yi dabara ba haihuwar guzuma za a yi, ɗa kwance uwa kwance, na goye ya rame an yaye shi ba shiri, na ciki yana jan jinin da babu. A ɗaya ɓangaren kuma kar a ce dakatawa ba ta da nata farashin. Ƙwan mace yana raguwa da shekaru, daga 35 abin yana saurin sauka kuma laulayi da haɗarin ciki suna ƙaruwa, don haka wadda ta yi aure tana da 33 lissafinta daban da na 'yar shekara 20, in tana son uku ko huɗu bata da sararin jira mai tsawo.

Kuɗi. Na san za a ce bakin da Allah Ya tsaga ba Ya hana shi abinci, na yarda, amma ciyarwa da tufatarwa da tarbiyya wajibi ne a kan uba kuma za a tambaye shi, yaran da ke yawo da roba a kan titunanmu ai iyaye gare su. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kowa ya san yadda kasuwa ta koma, mafi ƙarancin albashi aka mayar da shi dubu 70 a 2024 kuma ba kowa ma ke samun hakan ba. Ba zan rubuta muku farashi ba don kafin ku karanta ya canza, ku da kanku ku ɗauki biro da takarda ku tambayo: katin awo, sikanin, magani, kayan haihuwa, kuɗin ko-ta-kwana in tiyata ta kama ko ana buƙatar jini, abincin mai jego, pampas, rago. In akwai inshorar lafiya a wajen aikinku ko ta jiha ku bincika me ta ɗauke. Sannan ku raba takardar biyu, abin da dole ne da abin da ganin ido ne. Anko, hol, mai kwalliya, mai hoto, rabon robobi masu hoton jariri, duk ba su ne haihuwa ba, kuma sau da yawa in aka cire su sai a ga ashe abin bai kai yadda ake tsoro ba. Wani lokacin kuma sai a ga ko an cire su ɗin ba ta ɓullewa sai an biya bashin da ke ƙasa tukunna, toh kun ga kun samu amsa, a ɗaga shekara ɗaya.

Abin da aka fi mantawa shi ne hannu, wa zai riƙe? Da a babban gida ake, ga kaka ga facaloli ga 'yar riƙo, yaro yana kuka wani zai ɗauka. Yanzu ku biyu ne a fulat, miji ya fita tun bakwai ko ma yana Legas ko Fatakwal sai bayan wata uku, ita kuma tana makaranta ko tana dutin dare a asibiti ko tana bautar ƙasa. Ma'aikaciyar gwamnatin tarayya tana da hutun haihuwa na wata huɗu, miji ma an ba shi kwana 14, amma mai aiki a makarantar kuɗi ko shago ta tambaya tun wuri ta ji me za a bata kuma ko aikin zai jira ta. Ku faɗi sunan mutum takamaimai da zai taimaka, kuma ku tambaye shi, kar ku ɗora wa Mama a zuci alhali ita ma ƙafa ke damunta.

Toh zaman kansa. Kar a yi shi ana cikin faɗa, kar a yi shi ranar da aka kawo takardar kuɗin makaranta, kar a yi shi a gaban kowa, kuma ba lokacin da aka riga aka kashe fitila ba. A samu ranar da aka ci aka ƙoshi yara sun yi barci. Yadda aka buɗe maganar shi ne rabin aikin. In kika ce "ni fa na gaji da haihuwa" kin rufe ƙofar, gara ki ce "Abban wane, ina son mu yi wata shawara, haihuwar nan da na yi jikina bai dawo ba har yanzu, ina so in shayar da yaron nan shekara biyunsa cif in samu ƙarfi kafin Allah Ya kawo wani, ya ka gani?" Kai kuma in kai ne mai son a dakata ka faɗi dalili a fili, don abin da zai fara zuwa ranta shi ne ko aure zaka ƙara ko ka daina sonta. In kai ne mai son ƙari, tambaye ta yadda naƙudar baya ta kasance ka yi shiru ka saurara har ta gama, maza da yawa iyakar abin da suka sani shi ne an kira su an ce an sauka lafiya. Ba dole a gama a zama ɗaya ba. Ku yi istihara, ku sa lokaci, misali bayan yaye ko bayan sallah babba za mu sake dubawa, don shawarar shekara biyu ta fi sauƙin yarda akan ta har abada.

In an kasa daidaitawa ku tafi asibiti tare, maganar da miji zai ƙi ji daga bakin matarsa sau goma sai ya ji ta daga bakin likita sau ɗaya. In ta lafiya ce, ni dai a wajena maganar likita ce gaba, ba a yin kunya ko kara da rai. In ba ta lafiya ba ce sai a nemi babba ɗaya mai riƙe sirri, ba taron dangi ba. Na san mata da yawa suna zuwa su yi allura a ɓoye su ɓoye katin a gidan maƙwabciya, kuma na san abin da ke kai su, amma ranar da ya gano abin yana komawa maganar cin amana, har saki ana yi a kai. In har ranki ne a haɗari kuma ya ƙi saurara, ki sa waliyyinki da likita da malami a ciki, ya fi ki ɗauki abin ke kaɗai. Maza kuma masu tilasta wa mace shan ƙwaya ita tana son ɗa, ko masu cewa in kika yi ciki ki tafi gidanku, wannan zalunci ne, haƙƙinta ne ita ma.

Akwai dalilan da in su ne ke tura ku gara ku tsaya ku sake tunani. Gasa da kishiya, ta haifi biyar sai na yi shida saboda gado, alhali maigidan ma gidan haya yake. Neman namiji, an jera mata biyar ana ta ƙarawa ana harararta, bayan kuwa ta ɓangaren halitta maniyyin namiji ne ke ɗauke da abin da ke sa jariri ya zama mace ko namiji, ita ba ruwanta. Sai kuma haihuwa don gyara aure, wai in na haihu zai daina dukana ko zai daina yawon dare. Ba ya dainawa 'yar'uwa, sai dai ki ƙara wa kanki abin da zai hana ki motsi.

Sai masu jin su basa son haihuwa sam. A cikinmu ba a faɗa da ƙarfi amma akwai su, wata tun tana shekara goma take goyon ƙanne har ta ji ta gama nata rainon, wata a gabanta yayarta ta rasu wajen haihuwa, wani yana fama da larurar ƙwaƙwalwa yana tsoron ba zai iya ba. Farko ki bambance, naƙuda kike tsoro ko 'ya'yan ne bakya so? In tsoro ne ana maganinsa, a yi magana da likita ko ungozomar asibiti, wadda kuma ta shiga baƙin ciki mai tsanani bayan haihuwar baya har ta ji bata son ganin jaririn, wannan ciwo ne sananne da ake warkewa, ba aljanu ba ne ba kuma rashin imani ba, ta ga likita kafin wani cikin. In kuma kin duba kin ga har zuciya ne, ko kai namiji ka ga haka, toh wajibi ne a faɗa kafin a kawo kuɗin gaisuwa. Kar ka auri 'yar mutane ka ɓoye sai ta shekara biyar tana yawon asibiti da shan saiwoyi, kar kuma ki aure shi da tunanin zaki canza masa ra'ayi ko shi zai canza miki. Akwai wanda matarsa ta rasu ta bar masa yara yana neman mai riƙe su, akwai bazawarar da ta gama haihuwarta, in aka faɗi gaskiya ana samun wanda ya dace. Riƙon maraya ma hanya ce babba ga wanda bai haifa ba, falalarsa tana cikin Bukhari, sharaɗin dai a bar wa yaro sunan mahaifinsa.

In kun tsaya a kan a dakata, ku je sashen tazarar haihuwa na asibiti, kar ku tsaya a kyamis ko ku bi abin da ƙawa ta sha. Akwai ƙwaya ta kullum, akwai allurar wata biyu da ta wata uku, har da wadda ake koya wa mace ta yi wa kanta a gida, akwai ashanar hannu da ake sakawa a ƙarƙashin fata mai shekara uku da mai biyar, akwai robar mahaifa da ke kaiwa shekara goma kuma babu sinadarin da ke taɓa al'ada irin na allura duk da takan ƙara yawan jinin wata, ga kwaroron roba na maza. Kowanne da halinsa, wata al'adarta zata rikice wata ta ɗauke wata ta ƙara ƙiba, in bai karɓe ki ba ki koma a canza, ba a haƙuri da zubar jini. Ki faɗa musu in kina da hawan jini ko kina shayarwa don ba kowace ƙwaya ce ta dace ba. Allurar wata uku takan ja lokaci kafin ciki ya shiga bayan an daina, wani sa'in har kusan shekara, don haka mai son ɗan gajeren hutu ta sani, ashana da robar mahaifa kuwa da an cire ana iya ɗauka. Shayarwa tana karewa amma da sharaɗi uku a haɗe, jariri bai wuce wata shida ba, nono zalla yake sha dare da rana, kuma al'ada bata dawo ba, ɗaya ya faɗi toh kariyar ta faɗi, nan ne mata da yawa suke ruftawa.

Dangi kuma ba sai kun yi musu bayani ba. "Har yanzu shiru?" amsarta "muna dai addu'a Hajiya, a taya mu" shikenan. Kuma kowa ya tare nasa, miji ya ji da mahaifiyarsa da 'yan'uwansa mata, kar ya bar matarsa tana shan habaici a gidan biki yana gefe yana danna waya alhali tare suka yanke.

In kuma kun tsaya a kan bismillah a nema, ta fara shan folik asid tun kafin cikin ya shiga har wata uku na farko, yana kare jariri daga matsalar ƙashin baya da ƙwaƙwalwa kuma ba shi da tsada, a duba jini in ya yi ƙasa a gyara, a fara awo da wuri ba sai ciki ya tsufa ba, a kuma yanke tun yanzu asibitin da za a haihu da motar da zata kai in naƙuda ta tashi da dare. In an shekara ana tare ba ciki sai a je asibiti, in ta haura 35 wata shida ya isa. Kuma ku tafi ku biyu, don matsalar tana iya zama daga namiji kamar yadda take iya zama daga mace, gwajin maniyyi kuma ya fi nata gwaje-gwajen sauƙi da araha nesa ba kusa ba, don haka da shi ya kamata a fara kafin a sa mata sunan juya ko a fara neman ta biyu.